Buhun Albasar Kawu Haliru

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu Haliru ya san ba a fitowa yadda aka shiga. Ka shiga da ƙanshin turarenka, ka fito kana warin albasa har cikin hula. A tsakiyar kujerar baya akwai buhun albasa, rani da damina, zaune daram kamar fasinjan da ya riga kowa biya. Ba a sa shi a but ɗin mota, ba a matsar da shi gefe, kuma kaiton wanda ya ce a sauke shi.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Shi ya tura ni karatun lauya ba tare da ya tambaye ni ko ina so ba, saboda haka kujerar gaba tawa ce, kuma na yi shekaru ina kallon buhun nan ta madubi. Ku tsofaffin 'yan ƙungiya kun san dalilinsa, amma bari in faɗa don waɗanda suka shigo daga baya. Ƙungiyarmu ta lauyoyi da alƙalai ce, reshen Wurno da Rabah da Goronyo. Kawu, wanda shi ma lauya ne, shi ya kafa reshen, kuma tsohuwar motarsa fijo ce ke kwaso mutane ranar taro. To, mu kaɗan ne. Da wuya ka ɗauko alƙali da lauya a ce babu wata shari'a da ta haɗa su. Manomin da ake shari'ar fadamarsa kuwa, in ya hango alƙali da lauyan abokin shari'arsa kafaɗa da kafaɗa a bayan mota, shi ke nan, duk abin da aka yanke zai ce a mota aka yanke shi. Sai Kawu ya sa buhu a tsakani. Alƙali a dama, lauya a hagu, albasa a tsakiya.

Alƙali Sahabi na Goronyo, mutumin da ba ya fita gida sai da guga da turare, shi ya fi kowa shan wahalar abin, kullum sai ya yi wa Kawu ƙorafi.

"Barista, don Allah dubi rigata. Jiya Hajiya tat tambaye ni ko na koma dillancin albasa."

"Allah gafarta Malam, warin albasa sabulu ka ɗebe shi. Wancan warin da nika gudar maka, ko Rima ba ta wanke shi."

"To a sa buhun gero mana! Gero ba shi wari."

"Shi yas sa ban son shi. Gero mutum ka jingina gare shi shi yi raɗa. Albasa kau, wa ka kai hanci nai kusa?"

Alƙali ya buɗe gilas, ya juya fuskarsa waje, haka muka iso Wurno.

Abu ɗaya ne ke hana Kawu sakat a duniya. Uwar ƙungiya da ke Sakkwato tana da ƙa'ida: ranar babban taro sai an ga adadin mutanen da aka gindaya, kowa da ƙafarsa, in ba haka ba a naɗe reshen a mayar birni. Kawu ya san abin da zai biyo baya. In babu reshe babu abin da zai zaunar da lauya a nan gabashin Sakkwato, kuma wanda aka ƙwace wa gona a Shinaka sai ya yi tattaki har Sakkwato neman mai tsaya masa. Ni kuwa, kun san ni, tsoro aka haife ni da shi. Tun da ya faɗa mini wannan ƙa'ida, duk shekara in taro ya gabato sai in hau ƙirga mutanenmu.

Shi da albasa yake auna mu. In an tashi taro ba lemo, ba nama, ba ko biskit. Sai a shigo da buhun, a kwance shi, a kasa wa kowa. Wani majistare da aka turo Rabah ya taɓa tambaya, cikin ladabi, ko za a ɗan samu abin sanyi. Kawu ya dube shi.

"Lemun kwalba ka sha, shi ƙare nan. Albasa sai ta bi ka gida ta shiga miya, iyali su san kana cikin ƙungiya."

A farkon lamari kowa da daro yake tafiya. Innata sai da ta haɗa ni da Allah in daina kawo mata, ta ce maƙwabta ma sun fara ɓuya in sun hango ni. Wani zai ɗauka yawan rabo abin murna ne. Kawu kuwa tsayawa yake kan tulin nan yana girgiza kai.

"Ku dubi! Kowa da tuli. Wanga ba arziki na ba, kunya ta. Randa rabon kowa yas shige aljihu guda, rannan mun zama ƙungiya."

Na ce, "Kawu, ni ba ni da aljihu."

"Ke dai kawo mutane. Aljihu ba shi gagara."

Yadda yake kawo mutanen kuwa, wayyo Allah! Ba ya zuwa wurin yaro. Ya ce yaron da ya ga fitilun birni ba ya jin magana. Wurin uba yake zuwa. Da ya ji labarin wani ɗan Rara ko ɗan Rabah ya kusa gama karatun lauya, sai ya sa babbar riga, ya sayi goro, ya ɗauki dattijo ɗaya ko biyu, a je a yi sallama kamar masu neman aure. Ina cikin motar ranar da muka je Maikujera gidan su Barista Nasiru. Shi Nasiru a lokacin ya riga ya haɗa jakarsa, Abuja ya nufa. Mahaifinsa ya shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi damina da gero da dawa, sannan Kawu ya tura ƙullin goro gabansa.

Tsohon ya dubi goro, ya dubi Kawu.

"Alhaji, ko an yi ɓatan gida? Ni ɗiya maza gare ni."

"Na sani. Namijin nika so."

"Subhanallahi!"

"Babban, mai karatun shari'a. Ka ba mu shi. Ba mu kai shi nesa, kana ganin shi dut sati, kuma in anka taɓa gonakka kana da lauya cikin gida."

Tsohon ya fasa goro ɗaya, ya tauna. Ya ɗaga murya ya kira Nasiru daga cikin gida.

"Ga ubanka nan. Na ba shi kai."

Nasiru ya yi wata guda ba ya gaishe mu. Ranar taronsa na farko Kawu ya zaɓo masa albasa mafi girma a buhun, ya miƙa masa da hannu biyu. Nasiru ya karɓa kamar an miƙa masa sammaci. Yau in kana son ka ga ɓacin ransa, ka zagi reshen nan a gabansa.

Haka aka yi ta yi, goro yana fita, yara suna shigowa, tulin albasa yana raguwa, Kawu yana ƙiba don daɗi. Daga daro muka koma kwano. Sai hanya ta lalace, 'yan bindiga suka fara tare ta.

Ba sai na ba ku labarin wannan ba, kowa a cikinku yana da nasa. Aka daina tafiya in la'asar ta yi. Aka koma tambayar direbobi kafin a fita. Wannan ya kwashe iyalinsa ya kai Sakkwato, wancan ya nemi canjin wurin aiki, kuma ban ga laifin kowa ba. Wasu suka kawo shawara a riƙa yin taro ta waya, kowa daga ɗakinsa. Ni na fi kowa goyon baya, har da ɗaga hannu biyu. Kawu ya saurare mu har muka gama.

"Ta waya? To ina za ni aje buhu?"

Aka yi dariya, aka bar maganar. Ni ban yi dariya ba.

Wata ranar taro da hantsi mun taso daga Goronyo, Alƙali Sahabi a dama, Nasiru a hagu, akwai kuwa shari'ar wata fadama tsakaninsu. Sai ga wani mai babur ya taho a guje yana yi mana hannu mu koma. Kafin Kawu ya gama juya kan mota muka ji harbi, ba nesa ba. Ban san yadda na fita ba. Na dai tsinci kaina kwance cikin ramin ban ruwa na wata gona, fuskata cikin laka, ina karanta duk abin da na haddace, wani ma ina haɗa farkonsa da ƙarshen wani. Alƙali da Nasiru suna kwance gaba da ni kaɗan, manne da juna.

Sai na ji ana jan ciki. Na ɗaga ido, ga Kawu da babbar rigarsa yana tafe da gwiwar hannu, yana nishi. Ya wuce ni, ya isa wurinsu, ya cusa kafaɗarsa, ya kwanta a tsakaninsu.

Alƙali ya yi wa Kawu magana ƙasa-ƙasa. "Barista, mutuwa muka jira, kai mi kaka yi?"

"Buhu na mota. Yau ni ab buhu."

"Haba! Wa ka ganin mu cikin ramin ga?"

"Ni ina gani."

Wallahi Nasiru sai da ya cusa hularsa a baki don kada dariya ta tona mana asiri. Allah Ya tsare, abin ya wuce ta wani gefen, muka fito duk laka. Amma da muka koma mota Kawu ya kasa sa makulli. Ya gwada, ya sake gwadawa, makullin na ta bugun ƙarfe. Ni na tuƙa mu. Sai da muka sauke su a Wurno, muka rage mu biyu, sannan ya juyo gare ni.

"Kak ki hwaɗa ma uwakki."

Na ce to.

"Da an taɓa yaron ga, mi za ni ce ma ubanai? Da goro nik karɓo shi."

Ranar na gane ba ni kaɗai ce matsoraciya a motar nan ba, shi dai ya fi ni iya ɗaure fuska. Daga ranar mutane suka ƙara janyewa. Kwano ya koma daro. Kawu ya daina tsayawa kan tulin, sai ya ce in raba kawai, shi ya fita waje yana duba tayar mota.

A daminar da ta wuce ya kwanta, ciwon bai daɗe ba. Muna cikin zaman makoki aka bugo mini waya daga Sakkwato, aka yi ta'aziyya mai kyau, sannan aka tuna mini cewa babban taro ya kusa, kuma bana za a turo wakili ya gani da idonsa. Na ajiye wayar na shiga bayan ɗaki na yi kuka, ban san ko na Kawu ba ne ko na reshen. Na ƙirga waɗanda suka rage a zuciyata, na sake ƙirgawa, ko rabin adadin da ake so ba mu kai ba.

Da na fito sai aka ce wasu dattawa na son gaishe ni a zaure. Tsofaffi ne daga Rara da Maikujera da ƙauyukan Rabah, wasu ban ma gane su ba sai da suka faɗi sunayen 'ya'yansu. Duk iyayen da Kawu ya kai wa goro ne. Mahaifin Nasiru ya ga idona.

"Ɗiyata, bayan rashin akwai wani abu?"

Na faɗa masa. Ya juya ya dubi sauran.

"Kun jiya? Mun ci goro nai, ko ba mu ci ba?"

Suka ce sun ci. Ya ce in faɗa musu ranar, in bar musu sauran.

Ranar taro ɗakin nan namu na Wurno ya ga fuskokin da ya manta. Waɗanda suka koma Sakkwato, da wani da ya taso tun daga Kaduna, duk ga su, rabinsu fuska a murtuke. Ɗaya ya ce mini, "Anti, baba yac ce in ban zo ba kada shi gan ni ran sallah." Akwai ma 'yan mata biyu sababbin lauyoyi da ban san Kawu ya je gidajensu ba. Wakilin Sakkwato, wani mutum mai fara'a da ƙaton agogo, ya bi mu ɗaya-ɗaya da yatsa. Ya gama ya ce saura mutum biyu.

Na ce suna hanya. Tun da safe na tura maƙwabcinmu direba da motar Kawu ya ɗauko Alƙali Sahabi daga Goronyo, tare da Nasiru, wanda ya kwana can saboda wata shari'ar gado da aka ɗage a gaban alƙalin. Na ja wa direban kunne: ya ɗauke su, ya juyo, kada ya tsaya ko fitsari. Kujerar baya kuwa wayam take, domin buhun ƙarshe ya tafi a girkin sadakar makoki, kuma a cikin ruɗanin nan babu wanda ya tuna da wani.

Hantsi ya yi, ya wuce. Na kira direba, ba ta shiga. Na kira Nasiru, ba ta shiga. Ta Alƙali a kashe. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Wakili ya ce shi ma yana da iyali, dole ya kama hanyar Sakkwato da an yi azahar, kuma gaskiyarsa. Na sa aka buɗe taro da addu'a, na zaɓo majistaren da ya fi kowa doguwar addu'a. Da ya shafa na ce kowa ya tashi ya gabatar da kansa, da garinsu, da makarantar da ya yi. Da aka gama na ce a sake yi wa mamaci addu'a. Wakili ya dubi agogo, ya dube ni, na dubi ƙofa.

Na ji tsoro ranar irin wanda ban ji ba a cikin rami, domin wannan karon ni na aika a ɗauko su. Reshen ma ya fita raina. Ramin nan kawai nake gani, da laka, da mahaifin Nasiru yana tambaya ta ina ɗansa. Na ce a zuciyata, a naɗe reshen, a kai shi Sakkwato, a kai shi duk inda aka ga dama, su dai su shigo da ƙafafunsu.

An fara kiran salla wakili ya rufe jakarsa. Sai muka ji tarin motar nan da kowa ya sani. Na fita ba takalmi. Ga Nasiru a hagu, ga Alƙali a dama, lafiyarsu lau, ga wani guntun buhu a tsakaninsu an ɗaure bakinsa da igiya. Alƙali ya fito yana kakkaɓe ɓawon albasa daga farar rigarsa. Na manta da girmansa, na manta da furfurarsa.

"Ranka shi daɗe, ina kunka tsaya? Kun kusa kashe ni!"

Direba ya riga shi. "Hajiya, ba laihina na ba. Alƙali yaƙ ƙi shiga."

"Yaƙ ƙi shiga?"

Alƙali ya gyara hula. "In zauna kusa da lauya mai shari'a gabana, ba buhu? Cikin motab Barista? Ke ko kunya ba ki ji?"

Ashe gari suka shiga nema. Damina ce, albasa ta yi wuya, kuma ba ranar kasuwa ba. Suka bi gida-gida, Alƙali a gaba da ƙafa, Nasiru a baya da tazara, motar na bin su a hankali, har suka dace da wani tsoho da ya rage 'yar kaɗan a rumbunsa. Ko rabin buhu ba ta kai ba. Nasiru ya ce ya kawo shawarar a sa buhun gero, Alƙali ya yi masa kallon da sai da ya ba da haƙuri.

Wakili ya sake bin mu da yatsa, ya ce mun cika, reshe na nan. Sannan ya shinshina iska ya tambaya ko akwai gidan abinci kusa.

Bayan salla aka shigo da buhun, na kwance, na kasa. Har wakili na ba shi nasa, ya karɓa yana jujjuyawa. Nawa a tafin hannu na riƙe. Alƙali Sahabi ya ɗebi nasa ya zuba a aljihun rigarsa, duka suka shige, har da sauran wuri. Ya dafa aljihun. Sai ya fita waje, na hango shi ta taga tsaye jikin motar yana duba taya.

Ko mu ne muka ƙaru, ko buhun ne ya yi kaɗan, ban bincika ba. Na san da Kawu na nan shi ma ba zai bincika ba, cewa zai yi a rufe taro tun kafin wani ya lura.

Allah Ka jiƙan Kawu Haliru, Ka yafe masa kurakuransa, Ka sanyaya makwancinsa. Yadda ya yi rayuwarsa yana shiga tsakanin bayinKa da zargi, Ka sa shamaki tsakaninsa da azaba. Mu kuma da ya bar wa motar nan da hanyar nan, Ka kai mu lafiya, Ka dawo da mu lafiya, da mu da 'ya'yan mutane. Amin.